Akwatin Kalar Inuwa Ya Kwanta Dama

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Inuwa ɗan Malam Shitu, ɗan aji huɗu a makarantar elementare ta Riruwai, yana sanar da 'yan ajinsa da malamansa da duk mai son abu mai kyan gani cewa Akwatin Kala ya riga mu gidan gaskiya. Ya cika ranar Laraba da hantsi, a bakin rariyar gidansu, cikin kakar bana.

Marigayin ba ɗan ƙasar nan ba ne. Ya iso ne cikin kayan wani Baturen kuza, wanda da zai tashi ya yar da shi a juji tare da kwalabe. Kukun Baturen ya tsince shi, ya buɗe, ya ga ba abin miya ba ne, ya miƙa wa Malam Idi mai koyar da zane. Malam Idi kuwa ya nemo yaron da ya gama cinye bangon aji da gawayi, ya ce, "Ungo, Inuwa. Gara ka ɓata takarda da ka ɓata mana bango."

Marigayin ɗan siriri ne, baƙin ƙarfe, da ƙananan ɗakuna a jere, kowanne da curin launinsa kamar alewa. Bai taɓa neman komai ba sai ɗigon ruwa. Ba shi da surutu, in an buɗe shi ya ce ƙaras, in an rufe ya ce kaf, shi ke nan maganarsa. Kafin zuwansa, in za a yi zane sai an jiƙa karan dafi don ja, a daka gangamau don rawaya, a roƙo shuni a marina, kashegari kuma a tarar duk sun koɗe, zakara ya koma kamar wanda ya yi jinya. Marigayi ne ya kawo launin da ke kwana.

Da shi Inuwa ya zana kasuwar Tudun Wada har da mai tallar fura, ya zana shanun Fulani suna gangarawa rafi. A wurinsa ya koyi cewa in shuɗi ya auri rawaya kore suke haifa, abin da ya yini yana gaya wa mutanen da ba su tambaye shi ba. A wurinsa ya gane cewa inuwar bishiya ba baƙa ba ce, kuma fari ba shafa shi ake yi ba, barin wurinsa ake yi. Yaron ya ƙaunace shi ƙwarai, har ba ya yarda wani ya riƙe shi da hannun da ya ci ƙosai.

Ciwon ajali ya faro ne daga kalma ɗaya. 'Yan makaranta suna ce wa launi kala. Malam Shitu kuwa kala ɗaya ya sani a duniya, wadda ake ja a baki, wato bin gona bayan an cire gyaɗa a tsinci abin da ya rage. Kullum da la'asar Inuwa sai ya durƙusa ya ce, "Baba, za ni kala." Ba ya ja, ba ya kuma gajartawa, a tsakiya yake ajiye ta. Uban ya yi ta sa masa albarka, yana faɗa wa maƙwabta ashe bokon nan bai kashe wa yaro zuciya ba. Har aka kusa gama kaka ba a ga ƙwayar gyaɗa ba, sai yatsu shuɗi da kore. Ran nan Malam Shitu ya bi sawunsa, ya same shi bayan makaranta a gindin ɗorawa, ya tasa duwatsu a gaba yana shafe-shafe.

Bai doke shi ba. Cewa ya yi makaranta ta ƙare. Sai da Malam Idi ya je har zaure, ya cire takalmi, ya ce, "Malam, a yi masa haƙuri zuwa Alhamis. Mai duba makarantu zai zo, zai ɗauki yaro ɗaya a kai shi birni koyon zanen taswira. In bai ɗauki Inuwa ba, ni da kaina zan rako shi gona." Malam Shitu ya ce, "To, Alhamis."

Inuwa ya duƙufa kan babban zanensa: duwatsun Riruwai, ramukan kuza, mata da ƙwarya a bakin ruwa. Ya gama komai, saura sararin sama. Tun damina yake tattalin shuɗin da ke cikin akwatin saboda irin wannan rana, ko taɓa shi ba ya yi sai dole. Ranar Laraba da safe aka aike shi kai wa awaki harawa, ya bar marigayi a kan tabarma.

A nan kakarsa, Iya Salamatu, ta gan shi. Ta ji labarin gobe babban mutum zai duba kayan jikanta. Ta buɗe, ta ga ciki duk dabbare-dabbare, ta riƙe baki. Ta ɗora ruwan zafi, ta ɗebo toka da soso, ta zauna a bakin rariya. An yi wa marigayi wanka tun yana da rai. Ja ya bi rawaya, shuɗi ya bi su, suka haɗu suka zama ruwan kwata. Da Inuwa ya shigo, ta miƙa masa shi yana ƙyalli, tana murmushi, ta ce, "Ga shi nan, ɗan nan, tas. Ba za ka kunyata gaban baƙo da ƙazanta ba." Inuwa ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Sannu da aiki, Iya." Sai da ya zagaya bayan rumbu sannan ya yi kuka.

An yi ƙoƙarin ceto. Malam Idi ya garzaya marina ya samo shuni, amma shunin ya huda takarda, ya malalo ya cinye kawunan duwatsun. Ranar Alhamis baƙo ya ɗaga zanen, ya juya shi, ya tambaya ko gobara ce aka zana. Ya ɗauki wani yaro daga gaban aji, mai iya ja da rula.

Marigayi ya bar burushi ɗaya wanda sanƙo ya kama, da ƙoƙon ruwa mai tsaga, da zane-zane a bangon aji waɗanda gara ta riga ta fara yi musu gaisuwa. Ya bar Malam Idi, wanda ya cika alkawari ya rako yaro gona, har kunyar farko. Ya bar Iya Salamatu, wadda har yau ba wanda ya iya gaya mata abin da ta yi. Ya bar Inuwa, wanda ba ya sa ran sake ganin irinsa, don Baturen kuza ba ya yar da abu sau biyu.

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa ba za a ga gawa ba. Iya ta ce gwangwani mai kyau irin wannan ba ya shiga ƙasa, ta zuba allura da zare a ciki. Abin da aka samu aka binne shi ne taɓon bakin rariya, wanda Inuwa ya kwashe da sakaina ya rufe a gindin ɗorawar nan. Ba a buƙatar gumba. Masu ta'aziyya kada su nufi makaranta, ba za su sami Inuwa a can ba. Su haura rafi zuwa gonar gyaɗa, daga hantsi zuwa la'asar. Yana nan a sunkuye yana kala, irin wadda ake ja a baki.

Allah ya ba shi haƙuri.