Eriyar Malam Muhtari a Hanyar Dauran

"Ina kwana, baiwata? Har yau Kaura ba ta gaji da ke ba?"

"Lahiya lau, bawan gidanmu. Kai kat turo akwalar ga, ko ita tat turo ka?"

Haka Jaji direba da Balaraba suka gaisa a ƙofar gidan marigayi Malam Muhtari, mijinta. Taubasai ne, uwarsa ƙanwar ubanta ce, kuma tun suna yara ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya yi wa ɗaya magana mai daɗi. Ta fita takaba, ya zo ya mayar da ita gidansu a Dauran. Shekarar da aka fara Shari'a ce, an ware motocin mata, shi ma ya manna wa tsohuwar fijonsa alamar motar mata.

"Na ga alama ga gilashi," in ji ta, tana shiga baya kusa da ƙanwarta mai rakiya. "Hukuma ta duba maza kakaf, tag ga kai ne ba ka da hatsari."

"Amana anka gani. Ke ko da anka duba, cewa anka yi a sa ki ga but tare da tukwane."

An ɗaure kaya duka, sai abu ɗaya da ta hana a taɓa, ta rungume shi a cinya. 'Yar rediyo ce irin oba-oba, da wata eriya da aka haɗa da ƙotar fartanya da ƙarafan laima. Malam Muhtari tsohon ma'aikacin waya ne a reluwe. Da ya ajiye aiki sai ya nemi lasisi ya shiga sahun masu magana da rediyo don sha'awa. Duk inda tafiya ta kai shi, hantsi na yi zai tsaya a fili ya auna sama da eriyar nan, wani tauraron ɗan'adam da ke giftawa na ɗan lokaci ya ɗauki muryarsa ya kai wata ƙasa. Mutanen Kaura sun yi masa dariya har sun gaji. Ta nan kuwa ya yi aboki, wani Malam Abbati na Garwa a Kamaru, wanda ba su taɓa ganin juna ba. Da kafaɗarsa ta fara ciwo, Balaraba ta koma mai riƙe masa eriya.

Jaji ya leƙo ta madubi. "Matsehin aljanun ga ma gadonki na? Kowace mace na hita da saniya, ke kin hito da laima maras riga."

"Ba nawa na ba. Na magada na, gobe suka rabo. Aro nir roƙa, kai za ka maido musu da marece."

"To mi za ki yi da shi ga hanya? Ko za ki gaya ma Dauran su ɓoye hura, kina tahe?"

"Batirin motarka nika so."

"Batir nawa? Wanda ko ni sai na yi mai lallashi da sahe?"

"Shi. Bawa da batir nai duk na uwargijiya na."

"Wa ab bawa? Ubanki da kai nai yac ce in na girma a ba ni ke in ɗaure bayan garka."

"Ka girma ɗin? Gemu dai kay yi."

Ya yi dariya har mota ta yi tangaɗi. Ita ba ta yi ba. Da suka bar gari suka shiga gonaki, sai ta yi magana da wata murya da bai saba ji daga gare ta ba.

"Jaji, mutumen Garwa bai sani ba."

"Bai san mi ba?"

"Bai san Malam ya..." Ta haɗiye sauran. "Ina cikin takaba, kullum da hantsi sai in kunna ta tsakar gida. Katanga da darbejiya na tare sama, amma in tauraron ya zo bisa kai, nikan tsinci murya tai kaɗan. Shina kira, Muhtari, Muhtari. Ni ba hita hili, ba magana da baƙon namiji. Haka nit ta saurare har batirinta yam mutu. Ba mu da adireshi nai, shi ma ba shi da namu. In anka raba kayan ga gobe, mutumen ga zai ta kira har Allah ya ɗauki rai nai."

Jaji mutum ne da ko gawa aka ɗauka sai ya sami abin cewa, amma a nan sai ya mayar da idonsa kan hanya. Abin ya soke shi, don shi ma yana cikin masu yi wa marigayin dariya. Da suka kai wata gonar gero da aka girbe, ba itace kusa, ya gangara ya tsaya.

"Hito, baiwa. Amma in masu wucewa sunka ce muna kiran aljanu, zan ce ke ta uwassu."

"Za su yarda, tunda sun gan ni da ɗansu."

Ƙanwar ta zauna a mota tana gadin kaya. Ya buɗe gaban mota, ta nuna masa inda marigayi kan maƙala wayoyin. Rediyo ta kama shuu. Balaraba ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta ɗaga eriya da hannu biyu ta auna arewa, can ƙasa-ƙasa.

"Daga wajen Nijar tauraron ka hitowa, shi bi bisa kanmu, shi hwaɗa kudu. Ba shi jira. In kaj ji shuu ɗin ga ta yi shiru, to ya zo. Ni hannuna duka na ga aiki, kai za ka danna nan ka yi magana. In ka gama ka saki."

"Magana dai? Ni da nika cika mota ga tashar Shinkahi ranar Alhamis ba da kwandasta ba?"

"To yau mu gani."

"Ɗaga hannun mana. Kin riƙe shi kamar mai koran kaji ga shanya."

"Kai ko ka riƙe rediyo kamar an ba ka jinjirin wani."

Suka tsaya cikin rana har zufa ta jiƙa masa hula. Yana shirin cewa tauraron ma ya ji labarin fuskarta ya canza hanya, sai shuu ta yanke. Muryoyin Turawa suka shigo suna jefa wa juna haruffa da sauri. Balaraba ta fara ɗaga eriya a hankali tana murza ƙotar, idonta a rufe. Sai ga wata murya ta tsoho, ta jero da Turanci haruffan da ake kiran marigayi da su a rediyo, sannan ta juya Hausa mai karin Fillanci.

"Malam Muhtari na Kaura, kana ji na? Abbati ne."

Jaji ya danna. "Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam! Alhamdu lillahi! Muhtari, kai ne? Ina ka shiga, bawan Allah? Wallahi na yi fushi da kai, na ce ko wani laifi na yi maka."

Jaji ya sake dannawa, ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Murnar da ke cikin muryar nan ta ɗaure masa harshe. Eriya ta riga ta wuce tsakar ka, ta fara sunkuyawa kudu.

"Hwaɗa mai, Jaji! Tauraron na tahiya!"

"Ban iyawa, Balaraba. Wallahi ban iyawa."

"To kawo ta ga bakina."

Ya kai mata rediyon, ya danna.

"Malam Abbati, Balaraba ta, mai riƙon eriya. Malam ya rasu tun da damana. Bai yi hushi da kai ba. Har ya kwanta shina cewa a kai shi hili."

Jaji ya saki.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe wanda ke kabari nake ta yi wa fushi. Allah ya jiƙansa. Allah ya ba ki haƙuri, Balaraba. Allah ya sa..."

Shuu ta dawo ta cinye sauran. Balaraba ta ci gaba da bin tauraron da ya riga ya faɗi, har bakin eriya ya taɓa kututturen gero. Jaji ya cire hula, ya ƙarasa addu'ar daga inda ta yanke, suka shafa.

"Tun ranar da anka ɗauke shi," in ji ta, "ban hwaɗi kalmar ga da bakina ba sai yanzu."

Jaji ya share fuska da hular. "Na yarda. Daga yau ni ab bawa. Ki rubuta ki aje."

Ta dube shi, ga ƙato da gemu yana jan majina a gonar mutane, sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. "Allah ya sawwaƙe. Wa ka sayen bawa mai kuka?"

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro farin goro ta miƙa masa.

"Amshi, ka ci. Na Malam na. Har yau in mai goro ta shigo, sai na saya mai kahin in tuna babu shi."