Yadda Za Ka Wargaza Takardarka Wajen Mayar da Ita PDF

Ina ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan, duk abin da ka rubuta a kwamfuta sai ya watse da zarar ka mayar da shi PDF, wato tsarin da ke daskarar da shafi ya daina motsi. A wurin Yayana na koya, ranar da ya baje a falo yana haɗa takardar neman aiki a wani kamfanin sufuri, bayan ya gaji da zaman gida.

1. Riƙe dogon maɓalli
Kana son sunanka a tsakiyar shafi? Kada ka kula alamar da aka tanada don haka. Danna dogon maɓallin ƙasa, taf-taf-taf, har sunan ya rarrafa zuwa inda idonka ya ce tsakiya ne. Na ce, "Yaya, ga fa alamar can sama." Ya ce, "Ke, tun ba a haife ki ba nake taɓa kwamfuta." Alhali ni ke bi masa.

2. Zaɓi haruffa masu ƙawa
Nemo salon rubutu mai jela da lanƙwasa, wanda babu shi a kwamfutar kowa, har da ta shagon da za a juya maka takardar. Can za ta sauya shi da wanda ta ga dama, layuka su yi ta ture juna. Masana sun ce haka takarda ke motsa jiki.

3. Sabon shafi da ƙarfin yatsa
Akwai umarni guda da ke buɗe sabon shafi. Na ragwaye ne. Kai dai yi ta sauko da layi har ka faɗa shafi na gaba. Abin da ke ƙona min rai ke nan! Mun yi makaranta, muna da kayan aiki, amma mun zauna a kan "ai haka kowa ke yi".

4. Kada ka duba
Wannan ne ginshiƙi. An juya? Tura kawai. Na roƙi Yaya ya buɗe ko sau ɗaya. Umma ta leƙo daga kicin ta ce, "Auta, ƙyale yayanki, kin cika iyayi."

5. Karɓi sakamako
Sai da ya tura na buɗe. Hotonsa ya zame ya danne lambar wayarsa rabi. A shafi na biyu akwai kanu guda, "Abubuwan da na ƙware a kansu", ƙarƙashinsa fari fat har ƙasa. Sauran sun gangara shafi na uku, wanda ba mai kaiwa.

Na fara shirya kalaman jaje, sai ga saƙon imel, an kira shi intabiyu. Da ya je, manajan ya ɗaga farin shafin nan yana dariya har da hawaye. Ya ce, "Malam, kowa ya cika min takarda da ƙarya, kai kaɗai ka faɗi gaskiya. Ka zo ranar Litinin."

Yaya ya dawo yana taku ɗai-ɗai, ya ce, "Auta, in kina son darasin kwamfuta, ki same ni bayan na taso daga ofis."

Sanarwa: manajoji masu raha ba su da yawa, in ka gwada aka watsar da kai, babu ruwana. Haka kuma in takarda ta iso maka daga wani kamfanin sufuri, kanu a gabas, sa hannu a shafi na huɗu, kada ka neme ni. Yaya aka damƙa wa aikin buga takardu.