Rasuwar Sannu-Sannu, Wadda Ba Ta San Sabuwar Gada Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta rasa zargi a cikinta ba, Sarkin Birki, babban direban kamfanin wanki da guga na bayan kasuwa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Sannu-Sannu, tsohuwar kwamfutar ofishin tsara hanya. Ta cika da safiyar Talata a kan teburinta, tsakanin tulin zannuwan gadon otal da kwandon tawul na asibiti, bayan gajeriyar rashin lafiya da har yau ba a yi wa kowa gamsasshen bayaninta ba.

Marigayiyar ta shafe shekaru tana fitar wa direbobi hanyar da za su bi su kai wankakkun kaya su kwaso masu datti. Ba ta taɓa yin gaggawa ba. In Anti mai tsara aiki ta kunna ta da safe, sai ta ce "wuuuu", ta ɗan yi "ƙir-ƙir-ƙir" kamar mai gyaran murya, sannan ta shiga nazari har direbobi su shanye shayinsu su ɗauraye kofi. Ba ta taɓa kai ƙarar kowa wurin Oga ba. Gulma ba ta cikin halinta, domin ko intanet ba ta da shi.

Amma babban alherinta, wanda saboda shi Sarkin Birki ya fi kowa jan hanci, shi ne jahilcinta. Taswirar da ke kanta ta girmi sabuwar gada. Ita a saninta, duk mai zuwa asibitin ƙetaren kogi dole ya zagaya ta tsohon titin masu walda, kuma ta nan take tura motarsa kullum. A kan wannan titi gidan ƙanwarsa yake, inda mahaifiyarsu ke zaune. Inna dai mantuwa ta kama ta, kuma da hantsi ne kaɗai hankalinta ke dawowa gida. Da yamma, lokacin da yake tashi daga aiki, kallon baƙo take yi masa, wani lokaci har ta tura jakarta ƙarƙashin matashi. Da hantsi kuwa, in ya faka ya durƙusa a gabanta, sai ta ce, "Babana, har ka iso? Zo nan, wuyan rigarka a karkace yake." Ta gyara masa, ya tashi ya wuce asibiti. Ranar hutu guda a mako ba ta isa ta riƙe mata fuskarsa ba. An gwada lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi, kuma an sha wuya kafin ta sake gane shi.

Anti ta san da wannan, sauran direbobi ma sun sani. Shekara da shekaru babu wanda ya taɓa ambaton gada a gaban marigayiyar.

Game da ciwon ajali, iyalai za su faɗi abin da ido ya gani kawai, kowa ya yi nasa lissafin. Lafiyarta ƙalau har ranar da surukin Oga, wanda ake kira Injiniya, ya fara zirga-zirga a ofis da wata kalma a bakinsa: kwantam. Ya tara ma'aikata a ɗakin guga ya ce wata irin kwamfuta ce ke tafe, wadda ba ta bin lissafi ɗaya bayan ɗaya irin na sauran. Ya ce za ta taimaka a gano sababbin magunguna, a ƙera batirin da ba ya saurin mutuwa, a san ranar ruwan sama tun da wuri, kuma kalmar sirrin da mutum ya ɓoye za ta iya buɗe ta kamar ƙofar da ba sakata. Masu guga suka riƙe baki. Sarkin Birki ya ɗaga hannu.

"Injiniya, ita wannan kwantam ɗin, kai ka taɓa ganinta da idonka?"

"Ba a ganinta, Baba. Tana can nesa, a wani ɗaki mai sanyin da ko ƙanƙara ba za ta iya zama ba. Mu dai mu aika mata tambaya, ta aiko da amsa."

"To tun da magani take nema, me ya haɗa ta da zanin gado?"

"Hanya, Baba. Za ta auna duk hanyoyin garin nan ta ba kowa wadda ta fi gajarta. Ba zagaye, ba tsaye-tsaye. In mota ta tsaya inda ba a ce ba, Oga zai gani a wayarsa."

Daga baya, da Anti ta matsa masa, ya amsa cewa ita kwantam ta ainihi ba ta gama nuna ba tukuna, wannan da za a kawo share fage ce. Wato uwar ba ta iso ba, amma an riga an turo 'yar aike da bulala. Sarkin Birki bai yi boko mai zurfi ba, sai dai ya lura da abu ɗaya: na'urar da aka ce za ta warkar da duniya, aikin farko da aka nema mata a kamfanin nan shi ne gano inda yake taka birki.

Oga ya ce ba zai canja komai ba matuƙar tsohuwar tana numfashi. A gaban kowa ya faɗa, har da Injiniya. Washegari Injiniya ya shiga ofis, wai zai duba lafiyarta. An gan shi ya zare wayarta daga na'urar da ke daidaita mata wuta ya soka ta kai tsaye a bango, ya ce cajin tasa wayar zai yi. Kowa a ginin ya san yadda wuta ke tsalle in an tayar da manyan injinan wanki. Aka tayar. Marigayiyar ta ce "tit", ta sake cewa "tit", ta ja wani dogon "tiiiit", sai ƙauri ya tashi. Injiniya ya ce shekaru ne. Iyalai ba su ce shi ya kashe ta ba. Suna dai mamakin yadda aka yi takardar sabon tsarin ta riga ƙaurin isa teburin Oga.

Sarkin Birki ya ajiye girmansa ya tare Injiniya a bakin mota.

"Injiniya, don Allah, ba za a iya gaya wa sabuwar ta riƙa bi da ni ta titin masu walda ba?"

"Ai ba a gaya mata, Baba. Ita ke faɗa."

Marigayiyar ta rasu ta bar kibod guda wanda harufansa suka goge, da linzamin kwamfuta ɗaure da salatif, da firinta wadda tun ranar ba ta karɓi takarda ba. Ta bar Anti, wadda yanzu take zaune tana kallon bango, ba ta san ko ita ma sabuwar ta auna ta ba. Ta kuma bar direba guda da tsoro ya hana shi sakat, domin ya san ba aikinsa za a raba shi da shi ba, mahaifiyarsa ce za ta daina saninsa. Allah ya ba su haƙurin rashi.

Gawar tana ɗakin ajiya, cikin kwalin sabulu, an lulluɓe ta da tawul mai tsabta. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin guga bayan tashi daga aiki. Injiniya na iya zuwa, amma ana roƙonsa ya zauna inda ake ganin hannayensa, nesa da soket. Ranar Litinin da safe Sarkin Birki zai ɗauke ta zuwa wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa a ƙetaren kogi. Ya so ya bi da ita ta hanyar da ta sani, amma a ranar sabon tsari zai fara aiki, kuma ya riga ya fitar da hanyar jana'izar: ta kan gada.

Ba a bukatar gudummawar komai. Sai dai duk wanda hanyarsa ta biyo ta titin masu walda da hantsi, zai ga wata dattijuwa a kan kujera a ƙofar gida mai shuɗin ƙyaure, tana kallon motoci. Ba a gaya mata an canja wa ɗanta hanya ba, domin ko an gaya mata ba zai zauna ba. Ana roƙon a ɗan tsaya a gaishe ta. In ta ɗauka ɗanta ne, don Allah kada a gyara mata.