Ni da Linux da Shagon Adda Mairo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kwamfuta ta tona min asiri a shagon yayata, Adda Mairo, a unguwar Sarkin Dawaki.

Lokacin na sa manhajar Linux a laftof ɗina ke nan, kuma duk wanda ya gaishe ni sai ya sha wa'azi. Windows? Gida ne ba katanga. Mac? Katangar na da kyau, amma ta masu hali ce. Linux kuwa ɓarawo ko ƙofarta bai sani ba. (Duk ilimin nan a bidiyo na kwaso shi, amma ina faɗinsa kamar ni na ƙera su.)

Adda na da kwamfutoci masu Windows da ake buga wa ɗalibai furojet. Sai bairos, cutar kwamfuta, ya addabe su, aikin mutane ya riƙa ɓacewa. In zo da filashina mai kayan gyara, in goge komai in sake lodawa, kwana kaɗan ciwon ya dawo. Kafin in soka filashin kuwa kullum sai na kashe antibairos, don yana cinye min fayiloli. Na ɗauka shisshigi ne kawai irin nasa.

Da Adda ta tambaye ni daga ina abin ke shigowa, ban ko yi tunani ba na ce Rifkatu ce, mai yi mata taifin, ke soka filashin kowa da kowa. Rifkatu daga Iware take zuwa, da wannan aikin take riƙe da 'ya'yanta. Ta rantse tana dubawa kafin ta soka, amma wa zai saurare ta ga masani a tsaye? Adda ta ce in ya sake faruwa, Rifkatu ta nemi wani wurin aikin.

Ya sake faruwa. Na iso shagon cike da ɗalibai, Rifkatu na tsaye rungume da jakarta. Na ɗaga filashina sama na ce, “Ku kalli wannan. A Linux yake kwana, ko mura bai taɓa yi ba.” Daɗin surutu ya sa na manta ban kashe antibairos ba. Ina sokawa jan gargaɗi ya cika fuskar kwamfutar, ga sunan filashin ɓaro-ɓaro, wato sunana.

Ashe a kwamfutocin da nake gyarawa cikin gari nake kwaso cutar. A Linux ba ta iya motsi, sai ta kwanta lamo har in kawo ta shagon da hannuna, in kuma kori maigadi, wato antibairos.

Rifkatu ta leƙo ta karanta. “Oga, wannan ba sunanka ba ne? Ko shi ma ni ne na saka?”

Adda ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ciwo. “Ba ta haƙuri,” ta ce, “da irin muryar da ka ɗora mata laifin.”

Na ba ta, gumi har cikin takalmi. Kunyar da na ji ta ɗaliban ce, amma abin da ya fi damuna shi ne saura ƙiris mace ta rasa abincin 'ya'yanta saboda burgata.

Har yau Linux nake amfani da ita. Sai dai idan aka tambaye ni wace manhaja ta fi tsaro, nakan ce duk wadda ba a bar ni na taɓa ba.