Yadda Ake Canza Famfon Mai a Hanyar Zurmi da Ragon Suna a Kujerar Baya

Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari za ka ciro famfon mai daga tankin tsohuwar motarka, ka mayar da sabo da hannunka, ba tare da wani bakanike ya raina maka hankali ba. Ni Malam Sufyanu, malamin firamare a Kaura Namoda, na yi, kuma akwai shaidu. Shaidun ma sun fi yadda nake so yawa.

Mataki na 1: Ka zaɓi ranar da ba ta ɗaukar kuskure

Gwani ba ya gyaran mota ranar da yake zaune ba aikin komai. Ka bari sai matarka ta haifi 'yar fari a gidan iyayenta, kamar yadda Zulai tawa ta yi a Zurmi. Ka bari sai surukinka ya yi maka alfarmar da ba a saba ba. Nawa, Malam Mahmuda, ya ce za a jinkirta raɗin suna zuwa ƙarfe tara na safe, tunda yanzu ba mai hankalin da ke shiga wannan hanya kafin gari ya waye sarai.

Sannan ka riƙe sunan jaririyar a cikinka. Ni sunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, na yi niyyar sa mata, ban kuwa gaya wa kowa ba, har Zulai. So nake in sauko daga mota, in gyara babbar riga, in faɗa wa liman da bakina. Rago yana hannuna, suna yana hannuna. Idan ban isa ba, babu ko ɗaya.

Mataki na 2: Ka yarda da motarka

Tawa ta girmi wasu malaman makarantarmu, amma ina ji da ita. Kujerunta na da riga, madubinta na da carbi, har abin tsaro na sa mai gyaran wayoyin mota ya ɗaura mata shekara biyu da suka wuce saboda ɓarayi. Makaranta da babur nake zuwa. Mota ba ta fita sai za mu biki ko gaisuwa, Zulai na zaune a gaba. Tun da gwaggonta ta zo ta tafi da ita a motar haya, wata biyu ke nan, ban ko murɗa makulli ba.

Kada ka gwada ta kwana ɗaya kafin tafiya. Gwaji alamar rashin yarda ne. Ka zuba mai, ka cusa rago a kujerar baya, ka kama hanya.

Mataki na 3: Idan ta mutu, ka saurara

Tawa ta yi kamar minti biyar tana tafiya lafiya lau. Muna barin gari ta yi tari sau biyu, ta yi shiru, ta gangara gefen wata gonar gero.

Ga ilimin da na tsinta a bakin direbobin tasha. Ka murɗa makulli rabi, kada ka tayar, ka kasa kunne wajen tanki. Famfo mai rai yana ɗan gurnani na daƙiƙa biyu. Idan ba ka ji ba, ya mutu. Na murɗa, na kasa kunne, rago ya yi kuka. Na sake, ya sake. A karo na uku na riƙe masa baki da hannu ɗaya, ban ji komai ba sai bugun zuciyata.

Littattafai za su ce ka duba fiyus, ka bi waya ka ga ko wuta na isa famfon. Wannan aikin masu shakka ne. Na buɗe bonet dai na tsaya ina kallon injin hannu a ƙugu, don masu wucewa su san da gwani a wurin.

Mataki na 4: Ka ƙi shawara, komai kyanta

Nan wani ɗan kabu-kabu da na sani a unguwarmu ya tsaya, Dogo, mutum mai furfura da 'ya'ya bakwai. Ya dubi rago, ya dubi rigata.

"Malam, mi ya samu motar?"

"Famfon mai ne."

"To bar ta nan mana. Hau in kai ka kai da ragon, kahin tara muna Zurmi. Mota ba ta gudu."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi. Ni da na gaya wa ƙannen Zulai su tanadi inuwar ajiye mota, in iso musu a bayan babur rungume da rago? Na ce ya koma Kaura ya sayo mini sabon famfo a shagon kayan mota, ya aro sifana.

"Bakanike hwa? In ɗauko maka shi?"

Na ce ban aike shi bakanike ba.

Mataki na 5: Ciro tsohon

Ka cire kan batir, don fetur da wuta ba sa shiri. Ka fitar da rago ka ɗaure a tayar baya. Ka ɗaga kujerar baya, za ka ga murfi mai kusoshi. Ka kwance, ka zare tiyo. Ana son ka tare bakinsa da tsumma. Ni da babbar rigar da na ɗinka don suna na tare.

Ka ciro famfon a hankali, ka ɗaga shi sama, ka girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da yake tsoro. Ba sai ka ga wata illa a jikinsa ba. Ni ma ban gani ba. Na dai nuna wa Dogo, wanda ya dawo yana gumi, na ce, "Ka gani ko? Ya gama aiki."

A lokacin agogo ya wuce tara da rabi. Na ciro waya in kira Malam Mahmuda, babu sabis ko ɗigo. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma sai na huce a kan rago, wanda ya riga ya cinye gefen rigar kujerar da na ajiye a ƙasa.

Mataki na 6: Saka sabon, ka yi alfahari da wuri

Ka mayar da komai yadda ka same shi. Idan kusa ɗaya ta yi saura, ka jefa ta aljihu, masu ƙera motar ne suka yi almubazzaranci. Ka mayar da kan batir, ka murɗa makulli.

Ta tashi! Wallahi ta tashi. Na leƙo ta taga na ce wa Dogo ya je ya ba bakanikensa labari. Ya dai biyo ni a baya a hankali. Ka yi sauri ka more wannan mataki, don nawa minti biyar ya yi. Ta yi tari sau biyu, ta gangara gefen wata gonar, wannan karon ta dawa.

Na ce famfon jabu aka sayar mana. Dogo ya kashe babur ya ce, "Malam, ɗiyarka tana can ba suna. Hau."

Mataki na 7: Ka hau babur ɗin

Mun tura motar ƙofar wani mai facin taya a ƙauyen gaba. Dogo a gaba, rago a tsakiya, ni a baya ina warin fetur. Muka shiga Zurmi ana kiran azahar. An naɗe tabarmi, an watse. A bakin zaure na ga fatar rago a shanye, na kuma gane ta, na Malam Mahmuda ne da yake kiwo don layya.

Na durƙusa na ce, "Baba, a yi mini aikin gafara."

"Ba komi, Sufyanu, lahiyarka muka tsoro. Mun jira har sha ɗaya, liman na da jana'iza. Shiga ka ga ɗiyarka."

Ban iya tambayarsa sunan da aka sa ba. Kunya ta hana ni, tsoro kuma ya fi kunyar yawa.

Mataki na 8: Ka tambayi wadda ya kamata ka tambaya tun farko

Zulai na zaune bakin gado da jaririya a cinya. Ta toshe hanci da gefen mayafi, ta saurari bayanina na famfo tun daga tari na farko har na biyu.

"Minti biyar take yi ta mutu?"

"Biyar daidai."

"Malam, ka danna abin ɓarayin?"

Nan na tuna. Abin tsaron nan, idan an tayar da mota ba a danna wani ɗan maɓalli ba, minti biyar yake bari ya yanke wa famfo wuta. Ni na ce a ɓoye maɓallin a ƙarƙashin kujerar mai zaman gaba, ni na sa Zulai ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba. Shekara biyu tana danna shi da diddige duk fitar da za mu yi, ni ina riƙe da sitiyari ina yi mata bayanin injin. Motar ba ta yi kuskure ba. Ta ga mutum shi kaɗai da ragon da ba ta sani ba, ta yi abin da na sa a koya mata.

Da kyar na ce, "To wane suna aka sa?"

"Sunan Inna mana. Tun ina wata huɗu kake kallon hotonta kana kallon cikina. Ni na aika wa Baba da sahe, na ce kai ka ce." Ta miƙo mini ita. "Wanke hannu tukuna, kada ka shaƙe muna Inna da hetur."

Na wanke sau uku. Na karɓe ta, hawaye suka zubo, na ce warin man ne.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan motarsa ta ƙone, ko ragonsa ya isa bayan suna, ko surukinsa ya rasa abin layya, babu ruwana, ban san shi ba. Famfona na farko yana nan a kan durowa, lafiyarsa ƙalau, mai so ya zo ya ɗauka. Wanda kuma yake da tambaya a kan gyaran mota kada ya tare ni a hanya. Ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce a kira masa Zulai.