Yadda Za Ka Zaɓi Ƙwallon Golf Da Ba Za Ta Kai Ka Sakwa Ba

Kai ma'aikacin da ogansa ya kamu da ciwon golf, matso kusa ka ji. Ni ne Malam Babayo. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina ɗaukar fayil a wata hukuma a nan Azare wadda ba zan faɗi sunanta ba. Daraktoci tara na gani, kowanne ya zo ya tafi ya bar ni a kan kujerata. Ban taɓa riƙe sandar golf ba, shi ya sa ma hankalina bai gurɓace ba. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na yi maka alkawari ƙwallon da za ka zaɓa ba za ta ba ka kunya a gaban oga ba. Na gwada su a kan Sherif na ofishinmu, kuma ƙwallonsa ta yi aikinta har ta zarce.

Mataki na 1: Fara sanin abin da ake ci a wasan

A littafi, golf shi ne ka bugi 'yar farar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Wannan na littafi ne. A ofis, wanda ya ci shi ne wanda ranar Litinin ya tarar da teburinsa a inda ya bar shi.

Daraktanmu, Alhaji Babakura, ya je kwas Kaduna ya dawo da jaka cike da sanduna. Ya sa aka share filin bayan ofis, aka binne gwangwanin tumatir uku, aka kafa wa kowanne tutar atamfa. Duk Asabar da hantsi sai ya zaɓi ma'aikaci ɗaya ya taya shi wasa. Abdulrahim, mai ƙuruciya a ka, ya cinye shi, har da tafa wa kansa. Ranar Litinin takarda ta fito, yanzu haka yana Gololo.

To, ga wata takardar canjin wurin aiki an buga, ta Sakwa ce, an bar gurbin suna fili. Ni na kai ta teburin Darakta da hannuna. Kuma a ranar ne ya leƙo ya ce, "Sherif, Asabar ni da kai ne."

Sakwa garin mutanen kirki ne, kada wani ya ce na ce. Amma Sherif shekara shida ya yi yana ginin gidansa bulo bayan bulo, wata biyu kacal da tarewarsa. Matarsa Zulaiha tela ce, duk matan unguwa ita ke musu ɗinki, 'yarsu Hanan kuma ta fara makaranta ke nan. Ya same ni bayan ofis, gumi har cikin takalmi, ya ce, "Malam, ka ceci gidana." Na ce masa gemun Abdulrahim ya riga ya kama wuta, shafa wa naka ruwa ya rage, kuma ruwan nan shi ne ƙwallo.

Mataki na 2: Guji ƙwallo mai kyau

Masu tallar ƙwallo za su ce maka akwai mai ɓawo biyu, akwai mai uku, akwai mai biyar, sai ka ce albasa. Za su ce wannan tana nisa, waccan tana jin magana. Toshe kunnenka. Ƙwallo mai nisa da jin magana ita ce ta kai Abdulrahim Gololo.

Kada kuma ka ce za ka ɗauki mai kyau ka riƙa kuskure da gangan. Oga ba yaro ba ne. In ya gane kana bar masa, ka raina shi ke nan, kuma raini ya fi cinyewa zafi. Abin da kake nema shi ne ƙwallon da za ka zage iya ƙarfinka ka buga, jijiyar wuya ta tashi, ita kuma ta ƙi tafiya don kanta.

Mataki na 3: Tafi wurin wanda bai san me yake sayarwa ba

Sherif ya shiga kasuwar Azare wurin Maikuɗi mai takalman gwanjo, wanda wani lokaci yakan tsinci ƙwallayen nan a cikin dila. Maikuɗi ya zazzago guda uku daga wani kwano.

"Wannan sabuwa ce fil, ga rubutun Turanci. Wannan ruwan ɗorawa ce, ko a gonar gero ba ta ɓata. Wannan kuwa," ya ɗaga ta uku da yatsa biyu, "shekararta huɗu ina danne leda da ita."

Ga yadda ake gwaji. Ka saki ƙwallo daga daidai ƙirjinka a kan siminti. In ta tashi ta kawo ƙugu, mayar masa da abarsa. In ta kawo gwiwa, har yanzu da sauran rai. Wadda kake nema ita ce wadda za ta ce "tib" ta zauna kamar an yar da malmalar tuwo. Ta ukun ta tashi kamar taƙi ɗaya, ta koma ta kwanta. Sherif ya ce ita yake so.

Maikuɗi ya dube shi ya ce, "Yallaɓai, lafiya dai ko? Ko magani za a haɗa?"

Sherif ya ce kusan haka ne.

Mataki na 4: Ƙarasa ta a gida

Taƙi ɗaya ma ya yi yawa. Jiƙa ta a ruwa kwana uku, sannan ka tafasa ta kamar mai dafa ganda. Wannan ilimi ne da ba ya cikin littafi, ni ma a zaune ya zo mini.

Zulaiha ta shigo madafa ta tarar da mijinta tsugune yana fifita wuta, ta buɗe tukunya, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Baban Hanan, me nake gani a tukunyar miyata?"

"Gidanmu nake dafa mana, Zulaiha. Ki bar ni."

Da ya yi mata bayani sai ta karɓi maficin da kanta, ta ƙara itace. Mace ce mai hankali, kuma ba ta da niyyar ɗora kekenta na ɗinki a bayan a-kori-kura.

Mataki na 5: Goge ta, amma kada ka bar tela ta sa hannu

Ba za ka fito da ƙwallo mai kama da goruba a gaban Darakta ba, zai yi zargi. Ɗan man goge baki da tsumma sun isa. Abin da na faɗa wa Sherif ke nan, Allah shi ne shaida.

Amma Zulaiha ba ta iya rabin aiki ba. Ta wanke ƙwallon nan, ta bi 'yan ramukan jikinta ɗaya-ɗaya da tsinken sakace, ta shafa mata farin fenti, ta turara ta da turaren wuta. Sannan ta ɗinka mata 'yar jaka ta karan-miski kore, da zare ruwan gwal a baki. Ƙwallon da ta shekara huɗu tana danne leda sai ga ta kamar kayan lefe.

Ranar Asabar muka hallara a fili, ni da direba da wasu ma'aikata 'yan kallo. Sherif ya zaro jakarsa ya kwance. Darakta ya tsaya da sanda a hannu, ya shaƙi ƙamshi, ya ce, "Masha Allah! Sherif, wannan ƙwallo taka ta yi kyau."

Jama'a, kun san al'ada. Babba ya yaba abinka a gaban mutane, me ya rage? Na ga Sherif yana neman wata hanya, babu. Ya ɗan rusuna ya miƙa da hannu biyu.

"Ai taka ce, ranka ya daɗe."

"A'a, a'a, haba dai."

"Wallahi taka ce."

Darakta ya karɓa. Kuma da yake shi ɗan babban gida ne, ba ya karɓar kyauta babu tukwici. Ya zuge jakarsa ya ciro ƙwallonsa mafi tsada, wadda aka kawo masa tsaraba daga Dubai, mai ɓawo biyar, ya danƙa wa Sherif a tafin hannu ya ce da ita zai buga yau. Sherif ya yi godiya da muryar wanda aka yi wa rasuwa. Ni kuwa na koma bayan direba na tsaya.

Mataki na 6: In ƙwallo mai kyau ta faɗo hannunka, yi ta addu'a

A nan ilimina ya ɗan ƙare, amma bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Matsalar Alhaji Babakura a golf ita ce ƙarfi. Yakan bugi ƙwallo kamar mai faskare, ta tashi ta tsallake katanga, a yi rabin awa ana nemanta cikin ƙarangiya. Ranar nan ya ɗaga sanda ya kai wa dafaffiyar ƙwallo duka iya ƙarfinsa. Ta yi taku talatin, a miƙe sak, ta tsaya tana jiransa. Ya sake bugawa, talatin, a miƙe. Ya dubi sandar, ya dubi ƙwallon, ya ce, "Ikon Allah!"

Shi kuwa Sherif ya ɗan shafi ta Dubai kamar mai korar ƙuda, ta tashi fuu ta sauka gab da tuta. Ma'aikata suka fara tafi, suka tuna da Gololo, suka mayar da hannuwa aljihu.

A rami na biyu Sherif ya yi dabara, ya saita bishiyar aduwar da ke gefe. Ya same ta kuwa daidai. Ƙwallon ta daki gindin aduwa, ta dawo, ta gangara, ta tsaya taƙi ɗaya daga bakin gwangwani. Tabɗi! Sai da bawan Allah ya yi bugu huɗu yana zagaya ramin nan, yana atishawa, yana cewa rana ce ta shiga idonsa. Ban taɓa ganin mutum ya sha wahala wajen faɗuwa irin ta ranar ba, har tausayi ya ba ni.

Aka gama ramuka uku. Darakta bugu goma sha tara, Sherif ashirin da uku. Kuma Darakta bai ko lura da atishawar ba, don idonsa na kan ƙwallonsa. Ya share fuska da hula ya ce, "Kun ɗauka ban san kuna bar mini ba? Na sani sarai. Yau ne kaɗai ƙwallo ta je inda na aike ta." Har da 'yar ƙwalla a idonsa. Sherif ya sauke ajiyar zuciya, ya ji gidansa ya dawo hannunsa.

Mataki na 7: Rufe bakinka

Wannan shi ne mataki mafi girma, kuma shi ne na manta ban faɗa wa Sherif ba, don na ɗauka kowane baligi ya san baki shi ke yanka wuya.

Darakta ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ina ka samo ta?"

Sherif ya yi lissafi cikin sauri. In ya ce tukunyar Zulaiha, ya mutu. In ya ce Maikuɗi, kafin azahar direba ya isa kasuwa, Maikuɗi kuma bakinsa ba ƙofa. Yana bukatar gari mai nisa wanda Darakta ba zai je bincike ba. Gari ɗaya ne kuwa ya yi mako guda yana kai-komo a kansa, da shi yake kwana, da shi yake tashi.

"Sakwa, ranka ya daɗe. Wani dattijo ne a can yake gyara su. Ba ya son a san shi, ni kaɗai yake yarda da ni."

Na rufe ido. Direba ya ce, "Inna lillahi," a hankali.

Fuskar Darakta ta washe. "Sakwa? Ashe kana da mutane a Sakwa ka yi shiru? Mako biyu ina istihara a kan wanda zan tura, ban son in cuci kowa in kai shi inda bai san kowa ba. Kai Sherif, ka sauke mini nauyi! Ka je ka riƙe mana ofishin can, ga ka kusa da dattijonka. Duk wata ka riƙa aiko mini da guda biyu."

"Ranka ya daɗe, ai dattijon ba shi da lafiya sosai."

"To ka ga dalilin da ya sa za ka yi sauri. Malam Babayo, kawo mini takardar nan."

Ni na ɗauko ta. Ni na miƙa biro. Aikina ne.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk wani canjin wurin aiki, ƙonewar tukunya ko hayar motar kaya da za ta biyo bayan bin shawararsa. Na yi alkawarin ƙwallo ba za ta ba da kunya ba, kuma ba ta bayar ba, duk wanda ke filin ya shaida. Ban ce a ɗinka jaka ba, ban ce a kira sunan gari ba. Wanda ya bi matakan nan ya tsinci kansa a Zaki ko Gamawa, ya kuka da bakinsa.

Ita ma Zulaiha ba ta ɗora mini laifi ba, don 'yar mutunci ce. Ranar da suka kulle sabon gidansu, sai da ta sa mai mota ya tsaya a ƙofata, keken ɗinki ɗaure a sama, Hanan a kan katifa tana kuka. Ta sauko, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, mun gode. Allah ya haɗa ka da mai ba ka irin shawarar da ka ba mu."

Har yau ban ce amin ba.