Ranar da Na Kwance Birkin Motar Gara

Akwai abin kunyar da mutum kan binne ya taka ƙasa a kai, amma ni ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka kai garar ƙanwar matata ba. Ko na so mantawa ma, dangin matata ba za su bar ni ba.

Ni bakanike ne, garejina yana nan Tudun Wada, kuma birki ne fannina. Ba yabon kai ba (to, akwai ɗan yabon kai a ciki), in mota ta shigo tana ƙugi wajen tsayawa, kafin direba ya kashe inji na faɗa masa abin da ke damunta. Direbobin haya har daga Tudun Jukun suke kawo mini aiki. Damuwata ɗaya ce: a gidan surukaina babu wanda ya taɓa ganina a bakin aiki. Abin da suka sani shi ne mijin Rabi yana da baƙin farce, kuma duk taron gidan a makare yake zuwa yana warin baƙin mai. Sauran surukan gidan, wani malamin makaranta ne, wani ma'aikacin asibiti. In ana neman shawara su ake kira. Ni kuwa in an kira ni, to kujeru za a ɗauka.

Da bikin Zulai ya zo, wato ƙanwar Rabi, sai na ce wannan karon za a san da ni. Na ɗinka farar shadda, aka buge ta tana ɗaukar ido, na zauna na kankare farcena da soso har yatsun suka yi ja. Abin da ya so ɓata mini shiri mura ce, ta toshe mini hanci kamar an cusa auduga. Ko turaren da na fesa ban ji ƙamshinsa ba (Rabi ta ce sauran jama'a sun ji, har sun gaji da ji).

Ranar kai gara, bayan la'asar, muna zaune kan tabarma a ƙofar gida tare da Baba, surukina. Mata suna ta fitowa da kaya ana lodawa a tsohuwar wagon ɗin Malam Tanko, maƙwabcinsu, wadda za ta kai kayan gidan ango a Dutsen Abba. Buhunan shinkafa da gero, katan-katan na taliya, robobin alkaki da nakiya da dubulan, jarkoki, duk aka danna a but ɗin bayan motar har sai da aka hau kan murfin kafin ya rufu. Mata suka shiga suka cika kujeru. Malam Tanko ya ja motar zuwa ƙarshen layi don ya juyo, ya dawo ya tsaya a gabanmu, ya fito yana sosa ƙeya.

"Alhaji," ya ce da Baba, "birkin nan fa bai kama mini yadda ya saba ba. Na taka, sai da ta ɗan ƙara gaba sannan ta tsaya."

Baba ya juyo ya dube ni. "Ai ga mai abin nan a zaune. Ko za ka duba mana?"

Jama'a, tun da na auri Rabi ban taɓa jin magana mai daɗin wannan a bakin Baba ba. Na miƙe a hankali, na gyara hula, na tako kamar likitan da aka taso daga Kaduna.

Bari in faɗa muku yadda ake aikin, don ku gane girman wautata. Duk wanda na koya wa sana'ar nan, abu na farko da nake cusa masa a kai shi ne: buɗe bonet, duba kofin man birki. In man ya sauka, akwai inda yake yoyo. In yana cike, nemi matsalar a wani wajen. Na biyu, shiga ka taka birkin da ƙafarka, ka ji ko yana da tauri ko yana nutsewa kamar ka taka soso. Ko ɗaya ban yi ba. Dalili kuwa, ina zagayowa bayan motar idona ya faɗa kan wani mai, ruwan ɗorawa, yana gangarowa ta cikin tayar baya yana taruwa a ƙasa.

Na tsuguna, na dangwala da yatsa, na murza. Santsi. Na kai hanci na shinshina, ban ji komai ba, amma na gyaɗa kai kamar na ji. Sannan na miƙe na ɗaga murya yadda na cikin zaure ma za su ji.

"Kowa ya fito daga motar nan! Man birki ne yake zuba."

Mata suka yi ta fitowa suna salati, wata har ta bar takalminta a ciki. Ni kuwa na samu fili. Na yi musu bayanin yadda in direba ya taka birki, masta, wato famfon birkin, take turo mai ta cikin siraran bututai zuwa kowace taya, man ya matse ƙarfen da ke riƙe tayar. Na ce in man ya tsiyaye, ƙafar direba za ta tafi har ƙasa, motar kuwa ta ci gaba da tafiyarta. Na ce da sun hau babban titi a haka, sai dai wani labarin.

"Innalillahi," in ji wata gwaggon amarya, tana dafe ƙirji. "Allah ne ya kawo ka."

Baba ya dubi abokansa ya ce, "Kun ga amfanin suruki mai sana'a." Kaina ya ƙara girma har na ji hular ta matse ni.

Malam Tanko ya ɗan yi ƙoƙari, bawan Allah. Ya ce, "Oga, ko in buɗe bonet ka duba?" Na ɗaga masa hannu. Na ce abin da ido ya gani a ƙasa ba sai an je sama neman shaida ba. Ya kawo jak da sifana, ya kawo tsohon buhu don in shimfiɗa. Na naɗe hannun riga, na ɗaga motar. Jak ɗin yana ta nishi saboda nauyi, wannan ma bai tuna mini komai ba.

Na cire taya, na cire diram, wato kwanon ƙarfen da birkin baya ke ciki. A nan ya kamata hankalina ya dawo, don cikin a bushe yake ƙamas, ƙura ce kawai. In da robar da ke tare man birki a ciki ce ta fashe, da wajen ya jiƙe sharkaf. Amma mutumin da aka gama yabo a gaban surukinsa ba ya ganin bushewa. Na ce to lallai daga mahaɗar bututun ne. Na kwanta rigingine, na shige ƙarƙashin motar da farar shaddata, na sa sifana na sassauta mahaɗar wai in ga ko ta tsage. Man birki na gaske ya fara ɗiga. Ni na buɗe masa hanya da hannuna, amma sai na leƙo da kai na ce, "Kun gani ko?"

Duk wannan abin, wancan man na farko bai daina zuba ba. Daga sama yake ɗigowa, ɗis, ɗis, a kan ƙirjina da hulata. Wayar gwaggon amarya kuma sai ƙara take yi, dangin ango suna tambaya ko an fasa ne.

Ina nan kwance sai na ga ƙafafu cikin silifas sun tsaya daidai kaina. Iya Tabawa ce, kakar Rabi, tsohuwa mai ƙarfin jiki da kaifin baki, wadda tun ranar aurena take kirana angonta.

"Angona, me kake nema a ƙarƙashin motar mutane? Rana tana faɗuwa."

"Iya, matsa baya. Birki ne ya lalace."

Ba ta matsa ba. Ta sunkuya, ta buɗe hanci tana shinshina iska. Sai kawai na ga ta dangwala yatsa a cikin man da ya taru a ƙasa ta kai baki.

Na yunƙura har na buga goshi da ƙarfe. "Iya, tofar! Guba ce!"

Ta tauna bakinta a hankali, ta sake dangwalawa ta sake lasa. "Guba? To in guba ce, ni na soya ta da hannuna. Wannan ai man gyaɗata ne. Tanko, buɗe mini bayan motar nan!"

Aka buɗe but. Ga jarkar man da Iya ta kwashe kwanaki tana matsewa don garar jikarta, buhun shinkafa ya danne ta ta kwanta, murfin ya goce. Man ya malale ya bi gefe, ya samu wata ƙofa da tsatsa ta ci a ƙasan but ɗin, daidai saman tayar baya.

Ina kwance a kan buhu, sifana a hannu, mai a ƙirji, ina roƙon Allah ya sa ƙasa ta tsage ko motar ta rufe ni gaba ɗaya. Gwaggon nan da ta ce Allah ne ya kawo ni ita ta fara fashewa, sauran mata suka ɗauka. Baba, mutumin kirki, bai yi dariya a gabana ba. Ya ja hannun babbar riga ya rufe baki, ya shige zaure da sauri. Daga nan muka riƙa jiyo wani irin tari da ba na mura ba. Na hango Rabi ta leƙo daga bakin ƙofa, muka haɗa ido, ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma ciki.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai dai motar da na samu da lafiyayyen birki, yanzu na sa mata ciwo. Da na buɗe bonet (a ƙarshe dai), man yana dab da layin cika, ɗan abin da ya ragu ni na zubar. Amma sassauta mahaɗar da na yi ya sa iska ta shiga bututu, kuma in iska ta shiga, birki ya zama soso. Dole a fitar da ita kafin motar ta motsa. Na tambayi Malam Tanko ko yana da man birki na ƙari.

"Ga ragowar nawa a jarka," in ji Iya. "Tunda ka ce iri ɗaya ne, a zuba."

Allah ya taimake ni akwai ƙaramar kwalbar man birki a motar. Na ɗaure mahaɗar, na mayar da diram, na ƙara mai a kofi. Fitar da iska aikin mutum biyu ne: ɗaya yana ciki yana taka birki, ɗaya yana wajen taya yana buɗe 'yar kusar da iskar ke fita yana rufewa. Malam Tanko ya shiga, ni na koma ƙasa ina ba da umarni da muryar da ta riga ta mutu.

"Taka. Taka. Riƙe!"

Kafin in maimaita sau nawa, mata sun mayar da shi waƙa. Wata ta kifa roba tana kiɗa, sauran suna tafi suna amsawa, "Taka, taka, riƙe!" Iya har da 'yar rawa. Ni kuwa ina kallon kumfa tana fita daga kusar, ina jira man ya fito sumul babu iska, ina ji kamar ni ake yi wa kamu.

Da na gama na mayar da taya, sai na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na shiga na taka. Tauri kamar dutse. Na riƙe ƙafata a kai, bai nutse ba. Na duba sauran tayoyin, duk a bushe. Sannan na ja da baya na kalli motar da idon basira, na ga bayanta ya kusa taɓa ƙasa.

"Malam Tanko," na ce a hankali, "birkinka lafiya lau. Kaya ne suka yi mata yawa. Mota mai nauyi ba ta tsayawa inda marar nauyi take tsayawa."

"Ni ma na so in ce haka," in ji shi, "amma na ga kai ne masani."

Aka tsayar da keke-napep aka rage buhuna, wasu matan suka bi shi. Na ja motar da kaina zuwa ƙarshen layi na taka, ta tsaya cak. Suka tashi ana shirin kiran magariba, Iya a gaba rungume da jarkarta da ta koma rabi. Da dangin ango suka ga man bai cika ba, ba ta ɓoye musu komai ba, ta ba su labari tun daga farko har da kwaikwayon muryata. Har yau akwai mutanen Dutsen Abba da ban taɓa gani ba, amma in mun haɗu a wajen suna sai su tambaye ni ya birki.

Shaddar ba ta sake fari ba. An wanke, an jiƙa, an shanya, tabon yana nan a ƙirji kamar taswira. Da murar ta sake ni na shinshina ta, sai na ji kamar na shiga rumfar mai ƙuli-ƙuli.

Washegari na je gaida Baba ina sunkuyar da kai. Ya ce kada in damu, gara mai tsoron da ya wuce kima a kan birki da mai sakaci, rayukan mutane ne a ciki. Na ji sanyi a raina. Har na kai bakin zaure sai ya kira ni ya ce, in na samu lokaci in leƙa madafa, wai tukunyar miya tana yoyo.

Tun daga ranar na ƙara darasi a kan waɗanda nake koyarwa. Bonet tukuna, sannan ƙafa, sannan baki. In ka ga mai a ƙasa, tambayi mai motar abin da ya ɗauko kafin ka ɗauko sifana. In kuma kana mura, ari hancin wani. Sannan duk ranar da ka ji surukinka ya fara yabonka a bainar jama'a, to ka ƙara duba aikin sau biyu, don a daidai lokacin ne hankali yake fara yoyo.